Ɗan Aiken Da Ba Ya Mantuwa: Yadda Ake Jarraba Rubutun JavaScript Kafin Ya Isa Ga Jama'a

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin banki ta intanet domin ya aika wa iyali kuɗi gida, daga Jidda ne ko Kumasi ko Landan, to, ya yi hulɗa da wani harshe mai suna JavaScript, ko ya sani ko bai sani ba. Ba harshen mutane ba ne. Da shi ake rubuta wa kwamfuta umarni. Shi ne ke sa maɓalli ya amsa in an danna shi, shi ne ke tara lissafi a gaban idon mutum, shi ne kuma ke faɗa masa cewa lambar da ya rubuta ba ta cika ba. Da wuya a sami wani shafi mai motsi a intanet wanda ba a yi masa aiki da wannan harshe ba. Jawabin yau ya shafi wani ɗan ƙaramin abu ne da jama'a ba sa gani, wanda aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin marubucin umarnin nan da mai amfani da shi, ya hana kuskuren na farkon isa ga na biyun.

Wani Ba'amurke mai suna Brendan Eich ne ya ƙago JavaScript a watan Mayu na 1995, sa'ad da yake aiki a kamfanin Netscape, cikin kwana 10 kacal. Aikin gaggawa kuwa ba ya rasa tabo. Alal misali, a ce wani shafi yana karɓar adadin kuɗin da za a aika, sa'an nan ya ɗora ladan aikawa a kai. Mutum ya rubuta 500, lada kuma 20 ne. Duk abin da aka rubuta cikin akwatin shafi, JavaScript yana ɗaukarsa a matsayin rubutu, ba lamba ba, sai in marubucin ya tuna ya juya shi. In ya manta, alamar tarawa ba za ta tara ba, za ta jera su ne kusa da juna, sai a ga 50020 maimakon 520. Abin da ya fi ban haushi shi ne, in ɗebewa aka ce a yi, harshen zai juya rubutun zuwa lamba da kansa ya ba da amsa daidai, watau kuskuren yana ɓuya a wuri ɗaya ya bayyana a wani. Haka kuma in aka tara 0.1 da 0.2, amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004, ko da yake wannan ba laifin JavaScript shi kaɗai ba ne, yadda kwamfuta ke ajiye ɓangaren lamba ne ya jawo. A wajen ƙirga watanni kuwa, Janairu shi ne wata na 0, Disamba na 11. Da aka shiga shekara ta 2000, shafuffuka da dama sun nuna wa jama'a cewa shekarar ita ce 19100, domin umarnin da ke ba da shekara yana ƙirgawa ne daga 1900, ya ba da 100, marubutan kuma sun saba manna masa 19 a gaba.

Maganin da masana suka samo shi ne a rubuta wa kowane umarni ɗan'uwa mai tuhumarsa. Wannan ɗan'uwa shi ake kira gwaji. Gwaji ɗan gajeren rubutu ne da ke kiran umarnin ainihi, ya ba shi 500 da 20, ya duba ko 520 ya dawo. In ya dawo, gwajin ya ci. In wani abu dabam ya dawo, gwajin ya faɗi, ya kuma faɗi abin da aka sa rai da abin da aka samu. Babbar manhaja tana iya samun dubban irinsa. Kent Beck da Erich Gamma ne suka yaɗa wannan al'ada cikin masu rubutu da harshen Java, bayan sun rubuta kayan gwaji mai suna JUnit cikin jirgin sama, a kan hanyarsu daga Zurich zuwa Atlanta a 1997. Masu JavaScript suka biyo sawu. John Resig, wanda ya fito da jQuery a 2006, ya rubuta wa manhajar tasa gwaje-gwaje, a 2008 aka ware su aka sa musu suna QUnit. Kamfanin Pivotal Labs kuma ya fito da nasa mai suna Jasmine a 2010.

To, amma rubuta gwaji dabam, gudanar da shi kuma dabam. A wancan zamani, in marubuci ya gyara layi ɗaya, sai ya bar inda yake rubutu, ya buɗe burauza, watau manhajar da ake duba shafuffuka da ita, ya sabunta shafin gwajin, ya zuba ido ya ga kore ne ya fito ko ja. In mai tsantseni ne sai ya sake yin haka a Firefox, da Safari, da Internet Explorer, tun da yake kowannensu yana da nasa hali. Mutum yana iya jure wannan sau biyar da safe. Da la'asar, ga gajiya, ga shugaban aiki yana tambaya ko an gama, sai zuciya ta raya masa cewa ai gyaran ƙarami ne, ba sai an gwada ba. Gyaran da aka raina ɗin nan kuwa galibi shi ne ke ɓalle wani abu can nesa, a wani ɓangare na manhajar da marubucin bai taɓa shiga ba.

Wannan cuta ta mantuwa ta girmi JavaScript da shekaru. A 1976, a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, wani abokin aikin Stuart Feldman ya shigo ofishinsa yana faɗa, domin ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a manhajar da tuni aka gyara ta. Abin da ya faru kawai shi ne ba a sake harhaɗa ta ba bayan gyaran. Shi ma Feldman irin wannan ta same shi a daren da ya gabata. Sai ya zauna ya rubuta wata manhaja mai suna Make, wadda ake ba ta jerin ayyuka da yadda suka dogara da juna, ita kuma ta duba abin da ya canja ta sake yin abin da ya kamata, bi da bi, ba ta tsallake ko ɗaya. Irin wannan manhaja ita za a kira maharhaɗiya a cikin wannan jawabi. Daga Make aka sami zuriya mai yawa: Ant a 2000 da Maven a 2004 ga masu Java, sa'an nan, bayan Ryan Dahl ya fito da Node.js a 2009 ya ba JavaScript damar aiki a wajen burauza, masu wannan harshe su ma suka sami tasu.

Sunanta Grunt, Ben Alman ne kuma ya fito da ita a 2012, yana aiki a kamfanin Bocoup da ke birnin Boston. A Turanci kalmar tana nufin gurnanin alade, tana kuma nufin ƙaramin ma'aikaci da ake jibga wa aikin wahala, shi ya sa tambarinta kan alade ne mai haure irin na gadu. Da farko Alman ya cusa mata ayyukan da aka fi bukata a cikinta. Daga baya, a fitowar da aka yi wa lamba 0.4 a watan Fabrairu na 2013, sai aka fitar da su duka waje, aka mai da kowane aiki ɗan abu mai zaman kansa da ake maƙala mata in ana bukatarsa. Misalinta kamar tarakta ne. Tarakta ita kaɗai ba ta huɗa, ba ta shuka, ba ta ɗaukar kaya. Sai an ɗaura mata garma ko mashuki ko tirela. Akwai ɗan maƙale mai matse rubutu ya ƙanƙance domin shafi ya yi saurin buɗewa, akwai mai haɗe fayiloli da yawa su zama ɗaya, akwai mai duba tsabtar rubutu. Akwai kuma wanda ake magana a kansa yau, mai suna grunt-contrib-qunit, wanda aikinsa shi ne gudanar da gwaje-gwaje.

Yadda yake aikin nan abin a tsaya a duba ne, domin akwai wata matsala da sai da aka yi dabara kafin a ƙetare ta. Gwajin JavaScript na shafi yana bukatar burauza, domin a cikinta ne maɓallai da akwatunan rubutu suke rayuwa. Ita kuwa burauza an yi ta ne domin idon ɗan'adam da hannunsa. Maharhaɗiya ba ta da ido, ba ta da hannu, sau da yawa ma a kan wata kwamfuta take aiki wadda ko allo ba ta da shi, a wani ɗaki mai sanyi a wata ƙasa. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Ariya Hidayat, injiniya ɗan ƙasar Indunusiya, wanda a watan Janairu na 2011 ya fito da PhantomJS. Burauza ce cikakkiya, an gina ta a kan injin WebKit irin wanda Safari ke amfani da shi, amma ba ta da fuska: tana buɗe shafi, ta karanta shi, ta aiwatar da umarninsa, duk a ɓoye, ba ta nuna wa kowa kome. Daga nan sunan nata ya samo asali, watau fatalwa.

A zamanin PhantomJS, sa'ad da aka kira Grunt, sai ta karanta wani fayil mai suna Gruntfile, inda marubuci ya jera ayyukan da yake so da wuraren da shafuffukan gwajinsa suke. In ta iso kan aikin gwaji, sai ɗan maƙalen ya ta da PhantomJS, ya ba ta adireshin shafin, ya kuma cusa wa shafin wani ɗan rubutu da ake kira gada. Gadar nan tana zaune tana sauraron QUnit. Duk gwajin da ya fara, ko ya ci, ko ya faɗi, sai ta aika da labari waje. Hanyar aikawar kuwa ta ban dariya ce: tana amfani ne da umarnin nan da ke fito da ɗan akwatin gargaɗi a fuskar shafi, sai PhantomJS ta cafke saƙon ta rubuta shi cikin wani fayil na wucin gadi, Grunt kuma tana leƙa fayil ɗin a kai a kai tana kwashewa. Ba dabara ce mai kyan gani ba, amma ta yi aiki shekara da shekaru. In aka yi daƙiƙa 5 ba a ji ɗuriyar shafin ba, sai ɗan maƙalen ya ɗauka cewa wani abu ya maƙale, ya ba da rahoton faɗuwa. A ƙarshe abin da marubuci zai gani layi ne ɗaya ko biyu: gwaji kaza aka yi, kaza suka ci, cikin lokaci kaza.

Muhimmin abu ba rahoton ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. Tun zamanin Unix, kowace manhaja in ta gama aiki tana barin wata lamba. Sifiri yana nufin lafiya lau, duk wata lamba da ba sifiri ba tana nufin an sami matsala. (Masu sauraro da suka sha sifiri a jarrabawar makaranta za su yi mamakin jin cewa akwai inda shi ne makin yabo.) In gwaji ko ɗaya ya faɗi, Grunt tana tsayawa nan take, ba ta wuce zuwa aiki na gaba, ta fita da lambar da ba sifiri ba. Tun da yake an jera gwaji kafin matsewa da haɗewa da aikawa, rubutun da ya faɗi jarrabawa ba shi da hanyar kaiwa ga jama'a. Ta haka gwaji ya tashi daga abin da ake yi in an tuna, ya koma ƙofar da dole a bi ta cikinta.

Abubuwa biyu suka ƙara wa tsarin ƙarfi. Na farko wani ɗan maƙale ne mai suna grunt-contrib-watch, wanda ke zaune yana gadin fayiloli. Da zarar marubuci ya ajiye gyara, sai ya ta da gwaje-gwajen da kansa, kafin mutum ya ɗauke hannu daga kan madannai amsa ta iso. Kuskuren da aka kama bayan daƙiƙa 10 da yinsa, mai shi ya san inda yake, domin yanzun nan ya taɓa wurin. Wanda aka kama bayan wata 3, sai an yi ta tono. Na biyu shi ne kwamfutocin da ke jiran aikin kowa, irin su Jenkins da Travis CI, waɗanda duka biyu a 2011 suka bayyana da waɗannan sunaye. Duk sa'ad da wani cikin ma'aikata ya miƙa gyaransa, sai kwamfutar ta ɗauko manhajar baki ɗaya, ta kira maharhaɗiya, ta duba lambar da aka fita da ita, ta sa alamar kore ko ja inda kowa zai gani. Wannan ya kashe bakin mai cewa ai a tasa kwamfutar kome yana aiki daidai. Ma'aikatan Google masu gina AngularJS, ƙarƙashin Vojta Jína, sun bi wata hanya dabam a 2012: kayan gwajinsu, wanda daga baya aka sa wa suna Karma, yana buɗe burauzoji na ainihi da yawa a lokaci guda, shi ma kuma an yi masa ɗan maƙale na Grunt.

Sai dai fa kada a ɗauka an kai ƙarshen wahala. Duk sa'ad da Grunt ta tsaya saboda faɗuwar gwaji, a cikin saƙon gargaɗin da kansa tana gaya wa mutum cewa in ya ƙara wata kalma guda mai nufin tilastawa, za ta wuce ta ci gaba. An tanadi wannan ne domin larura, amma mai gadin da ke nuna wa baƙo inda katanga ta gajarta ya rage wa kansa kwarjini. Ba kuma Grunt kaɗai ba. A kayan gwaji irin su Jasmine, harafi ɗaya ake ƙarawa a gaban gwaji sai a tsallake shi. Ranar da aiki ya matse, wannan harafi yana da arha ƙwarai, cire shi daga baya kuma ba kowa ke tunawa ba.

Abin da ya fi wannan lahani shi ne gwaji marar tabbas, wanda yau ya ci gobe ya faɗi alhali ba a canja kome ba, saboda jinkirin hanyar sadarwa ko saboda kwamfutar ta yi nauyi har daƙiƙa 5 ɗin nan suka cika. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke damu ba. A 2016 wani injiniyan Google mai suna John Micco ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajen kamfanin suna da irin wannan hali, kaɗan ko da yawa. Illarsa a zukatan ma'aikata take. In ja ya cika fitowa ba dalili, sai a saba da shi, a riƙa cewa a sake gudanarwa kawai, har ranar da ja na gaskiya zai fito a yi masa irin wannan kallo. Ga ra'ayin masu dogon hannu a wannan sana'a, gara a cire irin wannan gwaji a san babu shi, da a bar shi yana koya wa mutane raina gargaɗi; da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma iyakar da ba dabarar da za ta ture. Tun wajen 1970 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi nuni da cewa gwaji yana iya tabbatar da akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi. Ɗan maƙale yana yin tambayoyin da aka rubuta masa ne kawai. In babu wanda ya yi tunanin tambayar abin da zai faru ranar 29 ga Fabrairu, ko in sunan mutum yana da ƙ ko ɗ, to, kore zai fito tas, kuskuren yana kwance a ƙarƙashinsa.

Tsarin 'yan maƙale ya zo da nasa haɗari. Kowane ɗan maƙale yana dogara ne da wasu ƙananan manhajoji, su ma suna dogara da wasu, duka ana saukar da su daga rumbu guda mai suna npm. A watan Maris na 2016 wani marubuci mai suna Azer Koçulu ya yi saɓani da masu rumbun a kan sunan wata manhajarsa da kamfanin Kik ke so, sai ya janye duk abin da ya ajiye, sama da guda 250. Cikinsu akwai wata mai suna left-pad, layi 11 ce kacal, aikinta cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Ashe manyan manhajoji irin su Babel suna rataye da ita ta hanyoyin da masu su da yawa ba su ma sani ba. Cikin ɗan lokaci aikin harhaɗawa ya tsaya cik a wurare da dama na duniya, gwaji ko farawa bai samu yi ba, har sai da masu npm suka mai da ita da hannunsu bayan 'yan sa'o'i.

Ita ma fatalwar ba ta dawwama ba. Injin da ke cikin PhantomJS ya riƙa tsufa, burauzojin jama'a kuwa suna ta ci gaba. Da aka yi wa JavaScript babban garambawul a 2015, yawancin sababbin ƙa'idojin ba ta fahimce su ba, sai aka wayi gari ana jarraba shafi a burauzar da babu wani mahaluki da ke amfani da ita, wanda hakan ya rage darajar shaidarta ƙwarai. Mutane ƙalilan ne ke kula da ita, a lokacin hutunsu. A watan Afrilu na 2017, da labari ya fito cewa Chrome na 59 zai iya aiki ba fuska, sai Vitaly Slobodin, wanda nauyin gyaranta ya fi rataya a wuyansa, ya sanar da cewa ya sauka, yana mai cewa jama'a za su koma can. A watan Maris na 2018 Ariya Hidayat ya dakatar da aikin gaba ɗaya. Grunt ma kasuwarta ta ja baya: Gulp ta shigo a 2013, webpack ta mamaye aikin harhaɗawa, kayan gwaji irin su Jest na kamfanin Facebook suka zo da nasu mai gadin fayiloli a ciki, ba sa bukatar a maƙala su jikin kowa. A 2023 masu Karma suka sanar da cewa sun daina ƙara masa sabon abu, a shekarar ce kuma Node.js na 20 ya tabbatar da nasa kayan gwaji da ke zuwa tare da shi.

Ɗan maƙalen grunt-contrib-qunit kuwa ya tsira da sunansa, abin da ke cikinsa ne aka musanya. A 2018 aka cire masa PhantomJS aka sa Puppeteer, wata manhaja ta Google da ke sarrafa Chrome marar fuska, ta yadda gwajin ya koma gudana a kan injin da galibin jama'a ke buɗe shafuffuka da shi. Wanda ke amfani da shi, kusan lamba ɗaya kawai zai canja a fayil ɗinsa. Sai dai sauyin ya zo da kuɗinsa, domin Puppeteer kan saukar da nata Chrome ɗin sukutum, wanda nauyinsa ya haura megabayit 100 nesa ba kusa ba. Ga ma'aikaci a Boston wannan ba abin magana ba ne. Ga matashin da ke koyon sana'ar a Kano ko Yamai ko Tamale, wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, sai ya lissafa kafin ya danna, ko kuma ya koyi yadda ake gaya wa Puppeteer ta bar saukarwar ta yi amfani da Chrome ɗin da ke kan kwamfutarsa tun da farko.